Karan Awon Baba Ukasha

Duk wanda ya taɓa kwana a Tsamiyar Gaɓa ya san ƙarar nan. Ana idar da sallar asuba, tun kafin mu mata mu hura wuta, sai ka ji ta daga bakin ruwa: ƙwas, ƙwas, ƙwas. Gizagon Baba Ukasha ke nan yana cin katako. Da ita muke tashin yara su yi shirin makaranta. Shekara arba'in da ɗoriya haka ake.

Amma ba da gizagon yake farawa ba. In ya fito masallaci ba ya biyawa gida, bakin ruwa yake miƙewa, karan dawa a hannu. Sai ya bi jiragen da ke ɗaure ɗaya bayan ɗaya, nasa da wanda ba nasa ba, yana ƙwanƙwasa su da bayan yatsa yana kasa kunne. Wanda ya tara ruwa ya kwashe da ɓarin ƙwarya. In mai jirgi ya zo sai ya ce masa, "Naka yana kuka a haƙarƙari na uku, kawo shi in gani kafin ka ɗora masa kaya." Katakan da ke riƙe da cikin jirgi su yake ce wa haƙarƙari. Sai ya gama wannan zagayen sannan ya zauna gindin tsamiya, matarsa Iya Batulu ta kawo masa koko, ya yi bismillah, aiki ya tashi.

Bana ya ajiye gizago. Hannu ya fara rawa, ido kuma ya rage. Ni maƙwabciyarsa ce, katanga ɗaya ta raba mu, na ga bai kamata mutum irin wannan ya koma zaure shiru ba tare da an faɗi abin da ya yi mana ba.

Ga wanda bai san garinmu ba, muna bakin ruwan dam ne, tsakanin Roni da Kazaure. In ruwa ya cika sai ya yanke mana fadama ta zama tsibiri. A can lambunan albasa da tumatir suke, da su muke cin rani. Wanda ba shi da kwalekwale, ko ka ce jirgi yadda muke faɗa, to ba shi da lambu.

Masu sassaƙa jirgi ba su ƙare ba a ƙasar nan. Abin da ya raba Baba Ukasha da su shi ne karan nan. Ba ya awo da tef. In ka zo neman jirgi sai ya zaunar da kai a ƙasa, ka miƙe ƙafa, ya shimfiɗa kara a gefenka ya tsaga alama da wuƙa. Ya auna hannunka, ya auna kafaɗa, ya sake tsagawa. Sannan tambaya ta biyo: wane ruwa za ka bi, fili ko cikin ciyawa? A tsaye za ka tura da gwangwala, ko a zaune da filafili? Me za ka ɗauka? Kowa da karansa. In ka ce masa kai dai irin na wane kake so, sai ya ce, "Jirgi riga ne. Ba a ɗinka wa mutum rigar wani." Yakan ce dogo siriri gudu gare shi amma ba ya yafe kuskure, mai faɗi kuwa haƙurin jaki gare shi, sai dai kada ka sa masa gaggawa.

Ayyukansa na alheri suna da yawa. Guda ɗaya zan faɗa, don a gabana aka yi shi.

Shekara shida ke nan. Halliru, mijin Zubaida, ya gama dashen albasa da mako guda sai ya yanke jiki ya faɗi a lambu. Da aka dawo da shi daga asibiti a Kazaure, ɓarin dama ya shanye, hannu da ƙafa ba motsi, magana da ƙyar. Ga 'ya'ya huɗu, babbarsu shekara bakwai. Ga albasa tana son ruwa duk bayan kwana uku.

Mu kuma muna da ƙa'ida a tsibirin nan, tun ta kakanni. Wurin kaɗan ne, masu nema da yawa. Lambun da aka yi Juma'a biyu ba a ga ɗan gidan yana ban-ruwa ba, mai unguwa zai ba wani. Ba mugunta ba ce, kada ƙasa ta zauna banza ne. Maƙwabtan lambu suna yayyafa mata in sun gama nasu, amma yayyafin maƙwabci ba ya riƙe lambu. Ran wata Juma'a mai unguwa ya aiko, cikin ladabi, ya ce kwana ya fara ƙirguwa.

Zubaida ba ta iya bin maza, don su da asuba suke tafiya sai magariba. Wa zai juya mata marar lafiya, wa zai ba shi abinci? Ita da hantsi take son ta je, ta dawo kafin azahar. Maikasuwa, ɗan fiton garinmu, shi hanyar kasuwa yake bi, ba ya zuwa tsibiri. Jirgin Halliru kuwa yana nan ɗaure, dogo, sai ƙarti uku suke jansa zuwa ruwa.

Ran Asabar ta ce in raka ta wajen Baba. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ta ce, "Baba, so nake ka koya mini tura jirgin maigidan."

Ya ce, "Wannan ni na yi shi, na san halinsa. Na tsayuwa ne, 'yar nan. Ba zai ɗauke ki ba."

"To Baba, in zauna ina kallo a ba wani?"

Ya jima yana jujjuya karan hannunsa. Can ya ce, "Bari in ga mai gidan tukuna."

Ya zaɓi sabon kara, muka bi shi. Ya yi sallama ya shiga, ya zauna dab da tabarmar Halliru, ya ajiye karan a gefenta. Ya ce, "Halliru, iyalinka na son ta riƙe maka lambu. Ina da niyyar yi mata jirgi nata. Amma ba na sa gizago a katako sai da yardarka."

Halliru ya yi ta kokawa da harshe. Da ƙyar kalma ɗaya ta fito: "Ruwa."

Baba ya ce, "Na sani. Ni ma har gobe tsoronsa nake ji. Wanda ya daina tsoron ruwa ba na yi masa jirgi. Ka bar mini wannan, sauran mu bar wa Allah."

Halliru ya ɗago hannun hagu ya kama na Baba ya riƙe. Ina daga bakin ƙofa na ga Baba ya zaro wuƙa ya tsaga karan nan wuri biyu, yana magana yana yi. Na ɗauka abin da hannunsa ya saba ne kawai.

Awon Zubaida kuwa ba shi ya yi ba. Da muka koma gidansa ya miƙa wa Iya Batulu karan, muka shiga ɗakinta aka saki labule, shi yana tsakar gida ya juya baya yana ba da umarni. A auna daga ƙugu zuwa diddige. A auna hannu a miƙe. A auna kafaɗa.

Iya ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ƙafar ba tsawo, amma hannun na masu daka ne."

Ya ce, "Alama na ce ki yi mini, ban ce ki yi mini sharhi ba."

Ranar ce Zubaida ta fara dariya tun da mijinta ya kwanta.

Lahadi ya hau babur ya tafi Kazaure, ya zaɓo katako marar nauyi, kowane sai da ya ƙwanƙwasa. Litinin aiki ya fara. Kwana bakwai ya yi, ba ya tashi sai sallah. Abin da ya fito ba a taɓa ganin irinsa ba a gaɓar nan. Bai kai rabin na maza tsawo ba. Bakinsa ƙasa-ƙasa, yadda mace za ta shiga ba sai ta ɗaga ƙafa ba. Tsakiya da faɗi, mazauni a can ƙasa, don ya ce in nauyi ya zauna ƙasa jirgi ba ya rawa. Goshin kuma ya rufe shi da siraran katako, in ta zauna ƙafafunta suna ciki har gwiwa, ruwa ba zai fantsamo mata ba, iska ba za ta taɓa zaninta ba. A baya ya bar fili, ya kafa wani allo a kishingiɗe, ya goge shi sumul.

Maza suka samu abin hira. Maikasuwa shi ne kan gaba. Ya zo ya zagaya shi, hannu a baya, ya ce, "Baba, ka koma sassaƙar akushi ne ba mu da labari?"

Baba bai ɗago ba. "In an gama a zuba maka tuwo."

"To wannan allon na baya fa, da ya kishingiɗa kamar mai sarauta?"

"Na kaya ne."

"Wane irin kaya ne sai an kishingiɗar da shi?"

"Kayan da ba a jefawa."

Aka cusa auduga a tsakanin katakan, aka bi da kwalta. Juma'a ɗaya ta riga ta wuce. Muna cewa shi ke nan sai shiga, sai Baba ya loda wa jirgin duwatsu ya nutsar da shi a bakin gaɓa. Haka yake wa kowane sabon jirgi, kwana uku a ƙarƙashin ruwa, katako ya sha ya kumbura ya toshe duk wata kafa. Zubaida ta ƙirga da yatsu ta ga sai Alhamis. Ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah a rage ko kwana ɗaya."

Ya ce, "'Yar nan, katako ba ya jin magiya. In bai sha ruwa a nan ba, a tsakiyar dam zai sha, ke kina ciki."

Alhamis da hantsi aka tsamo shi aka kwashe. Ko ɗigo ba ya shiga. Rabin gari ya taru. Zubaida ta yi bismillah ta shiga, jirgi ya zauna daram kamar an dasa shi. Baba ya miƙa mata filafili, ya tura ta.

Ta tuƙa ta dama, jirgi ya juya hagu. Ta sake tuƙawa, ya ƙara juyawa. Kafin ka ce me, tana ta zagaye a wuri ɗaya. Ta mayar da filafilin ɗaya ɓangaren, ya juya ta can. Dariya ta ɓarke. Maikasuwa ya ce, "Kai, ko maburgi bai kai wannan juyi ba." Baba ya shiga ruwa har ƙirji ya jawo ta. Ta fito, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta wuce gida.

Wani dattijo ya ce, ai dama tuƙi ba aikin mata ba ne. Baba ya ce, "A'a, laifina ne. Gajeren jirgi juyi gare shi, na sani. Mu tun muna yara muke koyon murɗa filafili ya miƙar da hanya, har mun manta koya muka yi. Na auna jikinta, ban auna abin da hannunta ya saba ba."

Saura kwana ɗaya.

Da azahar ya sauko daga masallaci, ya biyo ta bakin rijiya. Muna nan mu huɗu muna jan ruwa. Ya wuce, sai ya dawo. Ya ce, "Sannunku da aiki. Maman Sadiyya, sake jefa gugan nan in gani."

Na jefa, na jawo. Ba ni yake kallo ba, igiya yake kallo, hannu na bin hannu.

Ya ce, "Wa ya koya miki?"

Na ce, "Baba, ana koya wa mace jan guga? Ai da shi muka tashi."

Ko abincin rana bai shiga ya ci ba, gindin tsamiya ya koma. Kafin la'asar ya sassaƙa filafili mai baki biyu, faffaɗa a kowane ƙarshe, mariƙi a tsakiya daidai faɗin kafaɗar Zubaida, yadda karan ya nuna.

Iya Batulu ta je kiranta. Zubaida ta ce, "Iya, dariyar da na sha ta ishe ni."

Iya ta ce, "Dariya ba ta kashe albasa, ƙishirwa ke kashe ta. Tashi mu je."

Ta zo, ido ya kumbura. Ta shiga. Baba ya tsaya a gaɓa ya ce, "Kada ki tuƙa. Manta da tuƙi. Guga za ki ja. Dama, hagu. Dama, hagu."

Ta tsoma na dama, goshi ya karkata. Ta tsoma na hagu, ya dawo. Dama, hagu. Jirgin nan ya miƙe sambal ya ratsa ta cikin kainuwa ya fita fili. Da ta juyo ta dawo, Maikasuwa da kansa ya kama goshin ya jawo mata, ya ce, "To, akushi dai ya yi ƙafa." Sunan da ya bi irin jirgin ke nan har yau, kuma ba mai jin haushi.

Juma'a da hantsi ta ƙetara. Baba ya bi ta a nasa jirgin daga nesa, bai matsa ba, bai kuma bari ta ɓace masa ba. Mako guda yana haka. Ran Juma'ar nan da mai unguwa ya iso tsibiri ya tarar da ita tsakiyar albasa, zani a jiƙe, bokiti a hannu. Ya tsaya ya duba ya ce, "Lambu na da mai shi." Ya wuce.

Da a nan labarin ya ƙare ma ya isa. Amma da saura.

Wata uku da wani abu, albasa ta ƙosa, ganye ya fara kwanciya. Halliru ya ɗan samu sauƙi, in an jingina shi yana zama. Ana gobe za a fara cira, Baba ya je gidan ya ce, "Ba a cire albasa mai lambu bai gani ba." Ya kira Maikasuwa, suka ɗauko Halliru a hankali har bakin ruwa. Suka sa shi a filin nan na baya. Bayansa ya kwanta a allon nan mai kishingiɗa, diddigensa ya taɓa bayan mazaunin Zubaida. Cif. Ba ragi, ba ƙari.

Maikasuwa ya dubi Halliru, ya dubi allon. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Baba, kayan ke nan?"

"Shi ne."

Zubaida ta ce, "Baba, yaushe ka auna shi?"

"Ranar da na je neman izini."

Sai na tuna tsagar nan biyu.

Ta ce, "Ba ka faɗa ba."

Ya ce, "Ban san ko Allah zai kai mu ba. Ban so in sa miki rai."

Ita ta tuƙa mijinta. Mu mata muka cika jirgin Maikasuwa muka bi su. A tsibiri aka zaunar da Halliru a bakin lambunsa, Zubaida ta tuge ɗaya babba ta sa masa a hannun hagu. Ya jujjuya ta, ya kai hanci, hawaye na zuba. Da ya ga muna kallonsa sai ya tattaro harshe ya ce, "Albasa ce." Muka ce, ai mun sani, Malam Halliru, mu ma ita ce ta kama mu.

Yau lambun nan yana hannunsu. Halliru yana takawa da sanda, kuma har yanzu matarsa ke ƙetarar da shi. Akushi tara ne a gaɓarmu. Ɗaya na matar Maikasuwa ne, shi ya zo da kansa ya roƙa, Baba ya ce sai ya fara zagaya tsamiya hannu a baya yadda ya zagaya na Zubaida a da. Ɗaya nawa ne. Kowace da karanta, suna nan soke a rufin zauren Baba, ba suna a jiki amma ya san na kowa.

Baba Ukasha, kai ne ka ga mace a cikin dariyar mutane ka ce laifinka ne. Kai ne ka nemi izinin mutumin da ba ya iya ɗaga hannu, ka bar masa girmansa na mai gida. Kai ne ka tanadar masa wurin zama tun yana kwance, lokacin da mu duk mun cire rai. Gizago mai cin katako, ba ka cin amana. Ba ka taɓa tsayawa a taro an tafa maka ba, ba ka kuma nema ba. Mun gode. Mu matan Tsamiyar Gaɓa mun gode, 'ya'yanmu da suka ci daga lambunan nan sun gode. Iya Batulu, ke ma kina ciki, da ke da sharhinki.

Gizagon yanzu yana hannun Jalalu, ɗan ƙanensa, magidanci ne mai hankali. Jalalu, tef ɗin da ka sayo ba laifi, amma kada ka yar da kara. Ku ma sauran masu sana'a, tela da magini, malamin makaranta da ma'aikaciyar asibiti, kafin ku ce mutum ya kasa, ku duba abin da kuka miƙa masa ko daidai shi ne. Ku tambayi abin da hannunsa ya saba.

Ƙarar asuba ta canza, ta Jalalu ta fi sauri. Amma in ka fito da wuri za ka ga tsoho yana bin gaɓa a hankali, kara a hannu, yana ƙwanƙwasa jirage yana kasa kunne. Ido ya rage, kunne yana nan. Jiya ma ya aiko mini cewa nawa yana kuka a goshi, kada in shiga sai an duba. Ban shiga ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Baba, Ya sa ka gama da duniya lafiya. Yadda ka auna mu da tausayi, ranar da za a kafa ma'auni Allah Ya auna maka da rahama. Amin.